Kwanakin da Aka Hana Baffa Magana

Talata, 12 ga Agusta, 6:40 na safe

Jiya da la'asar muka dawo daga Kano. An yi wa Baffa aikin maƙogwaron, minti hamsin da biyar daga shigarsa zuwa fitowarsa. Sun cire ɗan tsiron da ya dusashe masa murya tun bayan babbar sallah. Likita ya nuna mini shi a cikin 'yar kwalba, bai kai ƙwayar wake ba. Za a kai shi gwaji, sakamako sai Litinin, 1 ga Satumba. Abin da ake dubawa yana da suna, amma ba a littafin nan za a rubuta shi ba.

Dokar likita: kwana ashirin da ɗaya babu magana. Babu raɗa, wai raɗa ta fi magana ɓarna. Babu gyaran murya. In ya karya doka wurin zai iya yin tabo, muryar ta tafi ke nan ko da sakamakon ya yi kyau.

Na maimaita wa Inna dokar sau biyu. Ta ce, "Babanku? Kwana ashirin da ɗaya?" Ta juya ta shiga madafa. Na ji kamar dariya take yi, daga baya kuma ban tabbata ba.

Duk wanda ya san Baffa, wato Malam Zailani tsohon malamin dabbobi, zai gane ta. Shekara goma sha ɗaya babu Talatar da bai buga waya shirin Zauren Jama'a na rediyo ba, in ban da Talata biyar da yana Makka. Yana da ra'ayi a kan siyasa, da wa'azin zamani, da tsawon wandon samari, da dunƙulen miya da ya kori daddawa.

Ni kuwa na gama digiri a ƙididdiga wata biyu ke nan, ina jiran takardar bautar ƙasa. Tunda ni ne auta kuma ni ne ba ni da aikin yi, ni aka naɗa bakin Baffa: shi ya rubuta, ni in karanta.

Saura kwana ashirin.

Talata, 9:15 na safe

Ya ƙi rubutu a waya. Ya ƙi littafin da na sayo, ya nuna da hannu wai ɓarnar takarda ce. Sai Inna ta ɗauko gwangwanin da take tara katunan ɗaurin aure, bayansu fari tas. Guda ɗari biyu da goma sha huɗu, na ƙirga. Baffa ya daɗe yana cewa katin nan almubazzaranci ne, goro da ɗan aike sun isa. Abin da ya fara rubutawa a bayan wani mai ruwan gwal: "Yau dai sun yi amfani."

Mun kuma shirya da cokali da kofin silba. Bugu ɗaya, zo. Biyu, a'a. Uku, ƙarya ne.

Talata, 5:20 na yamma

Na buga waya Zauren Jama'a. Baffa ya riƙe mini gwiwar hannu. Fa'izu mai gabatarwa ya ce, "Wannan lambar Malam Zailani ce, amma muryar ba ta kai ba." Na yi bayani a gajarce. Maganar yau kan masu sauya sheƙa daga jam'iyya zuwa jam'iyya ce. Ga abin da Baffa ya rubuta, kati uku:

"A zamaninmu wanda ya bar jam'iyyarsa sai ya yi wata guda yana bin lungu don kunya. Yanzu da kiɗa ake raka shi, a ɗinka masa sabuwar hula. Ba aƙida suke bi ba, inuwa suke bi. Kuma daga gida abin ya lalace. Yaron da bai koyi gaida na gaba da shi ba, ba zai girma ya ji kunyar jama'a ba. Kashi casa'in cikin ɗari na matasan yau ba sa gaisuwa."

Na karanta duka daidai, sai wurin casa'in ɗin. Bakina ya ƙi. Na ce "matasa da yawa."

Cokali sau uku, kafin ma in kashe wayar.

Na ce, "Baffa, wa ya ƙirga?"

Ya rubuta: "Ni. A ƙofar gida."

Sai ya ɗauki wani katin, ya daɗe a kansa: "Karanta yadda na rubuta. Amana ce. In kana da gyara, faɗe shi da sunanka."

Laraba, 13 ga Agusta, 6:10 na yamma

Na zauna da shi a benci daga ƙarfe huɗu zuwa shida, ina ƙirga a ɓoye a tafin hannu. Matasa arba'in suka wuce. Ashirin da uku sun gaishe shi. Wato waɗanda ba su gaisa ba kashi arba'in da biyu da rabi ne, ba casa'in ba. Na nuna masa cikin ladabi.

Ya karɓa ya duba kamar mai duba haƙorin bijimi. Ya rubuta: "Ɗaga hannu daga kan babur ba gaisuwa ba ce. Korar ƙuda ce."

Na sake lissafi da waɗanda suka tsaya suka rusuna kaɗai. Biyar. Saura talatin da biyar, kashi tamanin da bakwai da rabi.

Baffa ya fi ni kusa da gaskiya. Kafaɗunsa suka dinga rawa, babu sauti. Haka sabuwar dariyarsa take. Na ji daɗi fiye da ranar da aka kafe sakamakonmu.

Saura kwana goma sha tara.

Juma'a, 15 ga Agusta, 3:30 na yamma

Liman ya riga ya ce masa motsa harshe ya wadatar a sallah, don haka mun je masallaci. Mutum uku a sahunmu suna ɗaukar huɗuba da waya. A raka'a ta biyu wayar wani ta ɗauki kiɗa, sai da aka yi sallama ta yi shiru.

Muna dawowa ko hula bai cire ba ya nemi gwangwani. Kati tara a jere. Na fi son wannan: "Mai ɗaukar huɗuba a waya ya ajiye ta ne don wani ya ji. Shi bai ji ba." Da wannan: "Takalmi muke cirewa a ƙofa don kada mu shigo da ƙasar kasuwa. Sai mu shigo da kasuwar gaba ɗaya a aljihu."

Na duba, na sake dubawa. Babu abin gyarawa. Tawa wayar ma a aljihu take, ko da yake a kashe.

Adda Khaulat, yayata, ta iso daga Ringim, ta ɗauki hutu daga aikin jinya. Ta karanta takardar likita a tsaye, ta ce, "Auta, ana bin wannan kuwa?" Na ce ana bi. Kwana huɗu, ko uffan.

Asabar, 16 ga Agusta, 6:45 na yamma

Baba Dominic ya zo. Dominic Bot, mutumin Filato, abokin Baffa tun 1991 da aka ƙirƙiro jihar nan aka turo su Dutse daga Kano, shi ma'aikatar ruwa, Baffa ta dabbobi, aka haɗa su ɗaki ɗaya saboda ƙarancin gidaje. Tun ina rarrafe kullum la'asar suna kan bencin nan suna musu har a kira magariba. Baffa ya shiga masallaci, shi ya tafi gida, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Ya ajiye ledar lemo ya tsaya yana kallon Baffa.

"Sannu, Malam. Shekara talatin da huɗu ina roƙon Allah ya ba ni rana ɗaya da zan kai ƙarshen magana ba a katse ni ba. Ashe ashirin da ɗaya ya tanadar mini."

Kafaɗun Baffa suka yi rawa.

"Na ji saƙonka a rediyo," in ji Baba Dominic. "Sauya sheƙa. To kai fa, ɗan Fulani? Mahaifinka makiyayi, kai ka ajiye sanda ka ɗauki biro. Wa ya gan ka kana bin lungu?"

Baffa ya fizgi biro. Biron ya ƙi rubutu. Ya kaɗa shi, ya goga a tafin hannu, ya ƙi. Laifina ne, tun safe na ga tawadar ta yi ƙasa.

Sai ya ce, "Kai."

Kalma ɗaya, kamar an ja ƙyauren da ya yi tsatsa. Tari ya biyo baya. Adda ta fito a guje ba takalmi. Ta karɓi hankicinsa ta duba. Ni ma na duba. Babu komai. Na sake dubawa bayan ta ajiye. Babu komai.

Baba Dominic ya miƙe, hularsa a hannu. Adda ta rusuna ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, sai bayan ɗaya ga wata." Ya ce, "Kin yi daidai, 'yata." Ya tafi bai waiwayo ba.

Sabuwar doka daga Adda: an ɗauke rediyo. Babu baƙi. Kuma duk abin da Baffa ya rubuta, kowa ya ce haka ne. Ta dube ni musamman. "Har da kai da kashi-cikin-ɗarinka."

Na yarda. Ni na bar biron ya ƙare.

Lahadi, 17 ga Agusta, 7:00 na safe

Na sayo biro biyar. Na gwada kowanne.

Litinin, 18 ga Agusta, 2:10 na rana

Gida shiru, lafiya lau. Ruwa ya sauka da hantsi, gyaɗar Inna ta bayan gida ta yi kyau.

Da rana Baffa ya rubuta: "Shinkafar waje ta fi tamu daɗi." Shi da ya taɓa barin walima saboda shinkafar waje. Inna ta ce, "Haka ne, Malam." Ya daɗe yana kallon ta.

Can ya rubuta: "Jaki ya fi mota gudu." Adda ta ce, "Gaskiya ne, Baffa." Ya juyo gare ni. Na ciji leɓe na ce, "Haka ne."

Ya ajiye biron a hankali.

Kati shida yau. Ranar Juma'a ashirin da bakwai ne. Saura kwana goma sha huɗu.

Talata, 19 ga Agusta, 5:05 na yamma

Na saurari Zauren Jama'a a bayan gida, waya a kunne. Wani Abdulkahar daga Taura ya ce, "Ina tsohon nan na Dutse? Kullum haushi yake ba ni, amma yau zaure ba gishiri." Na so in gaya wa Baffa. Doka ta hana.

Ƙarfe huɗu daidai ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Ya san lokacin ko ba agogo.

Kati uku. Biyu na neman ruwa ne.

Laraba, 20 ga Agusta, 11:30 na safe

Na shiga intanet na karanta abin da bai kamata in karanta ba. Akwai alƙaluma. A karo na farko na ga kashi cikin ɗari ban so in san shi ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, 7:50 na yamma

Kati: babu. Tuwo: rabin malmala. Saura kwana goma sha ɗaya.

Juma'a, 22 ga Agusta, 4:40 na yamma

Wayoyi biyu sun yi ƙara a masallaci. Mun dawo, na ajiye masa gwangwani kusa da hannu. Bai taɓa ba.

Sai da Inna da Adda suka shiga ciki ya buga cokali sau ɗaya. Na matso. Ya riga ya rubuta katin, ya ɓoye a ƙarƙashin filo. Gefensa ya lanƙwashe, ba yau aka rubuta shi ba.

"Me likita ya gaya muku da bai gaya mini ba?"

Na ce, "Wallahi babu, Baffa. Abin da ka ji shi muka ji."

Ya ɗauki biro: "To me ya sa jaki ya fi mota gudu?"

Ya ƙara a ƙasa: "Haka muka yi wa mahaifina a Buji, makonsa na ƙarshe. Duk abin da ya ce, mu ce haka ne."

Ashe kwana shida yana kwance yana karanta mu. Mu muna tsare masa murya, shi yana ganin ban kwana muke yi.

Na ce, "Baffa, mota tana yin kilomita ɗari a awa. Jaki in ya yi ƙoƙari ƙwarai da kaya, biyar ko shida. Kuma shinkafar waje ba ta kama ƙafar tamu ba, kai ka faɗa a gaban mutane." Ya dube ni, ya dube ni, sai ya ɗauki cokali ya buga sau uku. Ya rubuta: "Jakin Buji yana yin bakwai."

Na fita bayan gida na ɗan daɗe a wurin gyaɗa.

Asabar, 23 ga Agusta, 1:20 na rana

Na kai wa Adda takarda mai layi biyu: yawan kati kowace rana, da yawan tuwon da ya ci. Tare suke sauka kamar matakala. Ta ce, "Kai da lissafinka." Sai na ba ta katin jiya. Ta karanta ta zauna a kan turmi. Inna ta karɓa, ta sa na karanta mata, ta ce, "Mu muka yi wannan?" Ta tashi ta nufi ɗakinsa, muna jin ta daga tsakar gida: "Malam, hular nan da ka sa jiya ba ta dace da rigar ba, kuma tun ranar aurenmu ba ka iya zaɓen hula ba."

Cokali sau uku, da ƙarfi.

Adda ta ce, "To Baba Dominic fa? In ya sake tunzura shi?"

Na riga na yi tunani. Abin da ya jawo ranar Asabar abu biyu ne: biro ya ƙare, kuma baki ya fi hannu sauri. Biro yanzu akwai biyar. Saura a rage wa Baba Dominic gudu.

Na same shi a gida yana musu da talabijin. Matarsa Mama Angelina ta ce mako guda ke nan har kare ya gaji da shi. Na faɗi shawarata: ya dawo benci, amma shi ma ba zai yi magana ba. Rubutawa zai yi, ni in karanta na kowa.

Ya ce, "Wato ni ma a yi mini aikin da ba a yi mini ba?"

Na ce, "Don a yi adalci, Baba."

Ya ce, "Angelina, ba ni cokali. Babba."

Lahadi, 24 ga Agusta, 6:50 na yamma

Ya zo daga coci kai tsaye, da kwat ɗinsa da littafin rubutu na 'yan makaranta da cokalin miya a aljihun gaba. Suka gaisa da hannu, suka daɗe ba su saki ba. Adda ta kafa kujera a bakin zaure kamar alƙalin wasa. Ni a tsakiya.

Baba Dominic ya fara: "Ina nan kan bakana. Sauya sheƙa ka yi."

Baffa ya yi kwana takwas da amsar a ciki: "Sanda na bari, ban bar shanu ba. Shekara talatin da biyar ina yi musu allura. Mutanenka sun bar jam'iyya sun bar jama'a."

"Ba mutanena ba ne. Ni kaina ban san inda wanda na zaɓa yake kwana yanzu ba."

Baffa ya rubuta: "Haka ne." Suka dubi juna cikin takaici, don sun yarda da abu ɗaya. Dole aka nemi wani.

Aka koma kan waya. Baba Dominic ya rubuta cewa albarka ce, kowace Lahadi yana ganin jikarsa Nanret daga Jos, har sabon haƙorinta. Baffa ya rubuta: "Da ba waya, da an kawo maka ita ka ɗora a cinya."

Na karanta, na yi da-na-sani tun kafin in kai ƙarshe. Baba Dominic ya ɗauki cokalinsa ya buga benci sau uku, ya rubuta: "Ba don ƙarya ba ce. Don ta yi zafi." Baffa ya dafa masa gwiwa. Daga nan ya rubuta masa cewa ya kira ɗansa ya ce a kawo yarinyar hutun Kirsimeti, umarni ba roƙo ba, don 'ya'yan yanzu roƙonsu ake yi shi ya sa suka lalace. A nan ma sun yarda da juna, amma ba wanda ya ji haushi.

Masu wucewa suna tsayawa kallon tsofaffi biyu suna faɗa ba sauti, ni kaɗai nake surutu da bakin mutum biyu. Samari huɗu suka sauka daga babur don su gani. Tunda sun sauka, dole suka rusuna. Baffa ya nuna mini su da biro, wai in sa a lissafi.

Kati arba'in da ɗaya. Tuwo malmala biyu, da man shanun da aka aiko daga Buji. Ko tari bai yi ba.

Saura kwana takwas. Na kusa manta in rubuta.

Litinin, 25 ga Agusta, 8:00 na safe

Gwangwani ya kusa ƙarewa. Mama Angelina ta aiko da leda cike da katunan bikin cocinsu. Baffa ya juya ɗaya, ya rubuta: "Ashe cutar ta game gari."

Talata, 26 ga Agusta, 5:15 na yamma

An dawo da rediyo. Maganar yau kan malamai masu zagin juna a intanet. Na karanta na Baffa harafi da harafi:

"Malamin da ya koya mini karatu bai taɓa kiran sunan wani malami ba sai da addu'a a bayansa. In sun saɓa, da dare ɗaya zai taka ya sami ɗaya, almajiransu ma ba za su ji ba. Yanzu kowa ya kafa waya a gabansa, ya mai da ɗan'uwansa abin kallo. Ilimin da ba ya hana mai shi zagi, bai shiga ba tukuna. Duk malaman waya suna suke nema."

Sai na ce, "Wannan na Malam Zailani ne. Ni kuma Zuhairu ɗansa, na yarda da komai sai kalma ɗaya. Ba duka ba ne. Akwai uku da nake saurare shekara biyu, ban taɓa jin sun ambaci kowa da sharri ba."

Cokali sau uku, daf da wayar. Fa'izu ya fashe da dariya, ya ce, "Masu sauraro, kun dai ji Malam da kansa. Jiki ya yi sauƙi."

Bayan na kashe ya miƙo kati: "Ba ka da gaskiya. Amma ka faɗa da sunanka."

Na sa katin a tsakiyar littafin nan.

Laraba, 27 ga Agusta, 6:30 na yamma

Yau jihar nan ta cika shekara talatin da huɗu. Aka shiga musun wace rana ce aka yi sanarwar a 1991. Baffa ya ce Laraba, don ya tuna yana dawowa daga rigakafin shanu. Baba Dominic ya ce Litinin, don ya tuna wandon da ya sa. Kati goma sha huɗu a kan wannan kaɗai.

Na lissafa a kai, na sake tabbatarwa a waya. Na ce, "Da sunana nake faɗa: Talata ce."

Cokula biyu, sau uku-uku, a tare. Baba Dominic ya rubuta: "An haife ka?" Baffa ya karɓi littafin ya sa hannu a ƙasa.

Talata ce.

Saura kwana biyar.

Asabar, 30 ga Agusta, 10:00 na safe

Na goge takalmin Baffa. Na sake goge shi. Na duba takardun asibiti sau uku, suna nan.

Lahadi, 31 ga Agusta, 7:10 na yamma

Yau ba a yi musu sosai ba. Da zai tafi Baba Dominic ya rubuta cewa sun sa Baffa a addu'a da safe, shi da Mama Angelina. Baffa ya rubuta: "Na gode. Allah ya saka. Amma Laraba ce."

Bayan magariba ya buga sau ɗaya. Ya ba ni kati a naɗe, ya nuna in karanta a ɗakina.

"In ba ta dawo ba, kai ne muryata. Ka riƙe amana yadda ka riƙe. Amma ka rage cewa wataƙila."

Gobe.

Litinin, 1 ga Satumba, 5:45 na asuba

Za mu tashi. Ban iya shan kunun ba.

Litinin, 12:25 na rana, Kano

Ba shi ba ne.

Likita ya faɗa, na sa ya maimaita, na karɓi takardar na karanta da idona layi-layi. Ba shi ba ne. Adda ta rufe fuska da mayafi.

Ya leƙa maƙogwaron da 'yar na'urarsa ya ce wurin ya warke sumul. Ya ce, "Baba, gwada mana, a hankali."

Baffa ya haɗiye yawu. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Siririya ce, kamar ta mai tashi daga barci. Amma tasa ce.

Sabuwar doka: minti biyar a kowace awa, a hankali, har mako biyu. Kiran rediyo sai bayan wata guda.

Litinin, 7:30 na yamma, gida

Daga Kano har Wudil bai ce komai ba. Adda ta ce, "Baffa, an fa ba ka izini." Ya laluba aljihu ya fito da kati: "Tarawa nake." Na ce likita bai ce ana tarawa ba, mintin da ya wuce ya wuce. Ya kau da kai yana kallon gero ta taga, kafaɗunsa suna rawa.

Mun iso biyar saura kwata. Baba Dominic yana kan benci da littafinsa da cokalinsa. Inna ta ce tun azahar yake nan, ya ƙi shiga ya ƙi tafiya. Mun gaya musu ta waya tun daga asibiti, amma ya ce sai ya ji da kunnensa.

Ya miƙe. Baffa ya sauka daga mota a hankali, ya gyara hula, ya taka har gabansa.

Ya ce, "Bot."

Baba Dominic ya buɗe baki, ya kasa. Shi da aka ba shi kwana ashirin da ɗaya.

Baffa ya ce, "Laraba ce."

Baba Dominic ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Litinin ce, ɗan Fulani."

Na ce, "Talata ce." Ban ce wataƙila ba.

Baffa ya juyo ya dube ni, da muryarsa, a gaban kowa: "Wa ya tambaye ka?"

Na duba agogo. Daƙiƙa goma sha ɗaya ya ci. Na gaya masa saura minti huɗu da daƙiƙa arba'in da tara. Ya miƙo mini cokalin da ragowar katunan, ya nufi cikin gida inda Inna take tsaye a bakin madafa.

Ya ce, "Sauran mintunan na mahaifiyarka ne. Kada ka ƙirga."